Wane Doki Ne Ya Ci? Tarihin Sukuwa da Amana a Ƙasar Kabi

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka, mota kan cinye ta kafin awa ɗaya ta cika. Amma a mafi yawan ƙarni na 19 wannan ɗan tsakanin bakin daga ne. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Kafin shekarar ta ƙare Kabawa da Gobirawa da Abzinawa suka haɗa kai suka rama a Alwasa, har sai da suka kora mutanen Shehu zuwa bakin Gwandu. Daga baya Kabawa suka kafu a Argungu, Yakubu Nabame ya sake tada yaƙin 'yanci a 1849, kuma in ban da 'yan shekarun sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, hari ne da ramuwar hari har zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya hau a 1883 ya kuma ga zuwan Turawa.

A irin wannan zama, gudun doki maganar rai ce. Baraden da dokinsa ya gaza a fadamar gulbin Rima bai koma gida ya ba da labari ba. Shi ya sa kakanninmu suka san doki sani na haƙiƙa, suka kuma biya shi da tsada. Matafiyin nan Leo Africanus, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 16, zamanin da Muhammadu Kanta ke kafa daular Kabi, ya ba da labarin cewa a Borno ana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya na Arewacin Afirka. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, tun wajen shekarar 1400. Ba a nan kaɗai nasara take ba, don a Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir, alhali dawakin jama'ar Shehu ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu da ƙafa ba. Duk da haka, da mulki ya zauna, su ma sai suka koma tara dawaki kamar waɗanda suka kora.

Abin da ya kamata mu lura da shi a wancan zamani shi ne, doki ba ya ɓoyuwa. Kowace fada tana da masu kula da barga, irin su Shamaki da Sarkin Dawaki, kuma sarautu manya irin Ubandawaki da Madawaki daga doki suka samo suna. Harshen kansa ya tanadi kalmomin tantancewa: wannan akawal ne, wancan kili, ga danda, ga bidi, ga gunya, ga hurde. An san ɗan Arewa, wanda ya ɗauki sunan ƙasar Arewa da ta ratsa daga wajen Kangiwa zuwa Dogon Dutsi da Matankari, an san bagazam na ƙasar Abzin, an san ƙuru. Dillali ya buɗe baki ya duba haƙora, ya faɗi shekaru. Idan doki ya yi suna a gari, an san wanda ya kiwata shi, an san hannun da ya bi kafin ya iso turken da yake. Da wuya mutum ya kawo wani doki ya ce wane ne, domin rajistar tana cikin kawunan jama'a, kuma jama'ar ba su da yawa, dawakin ma haka.

Ba sanin ido kaɗai muka gada ba, akwai na takarda. Yawancin masu zuwa kallon sukuwa ba su san cewa dokokin tsere suna kwance a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Birnin Kebbi da Argungu tun kafin a haifi kakanninsu ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, ya raba dawakin gida biyu: waɗanda aka horar aka rage musu ƙiba suka yi dogon zango daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba suka yi gajere zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Wato tun a nan an gane cewa ɗora wa doki nisan da jikinsa bai shirya masa ba zalunci ne. Wani hadisin ya hana abubuwa biyu a tsere. Na farko shi ne a sa wani ya bi bayan doki yana ihu yana kora shi. Na biyu shi ne mahayi ya jawo wani doki a gefensa, in na farko ya gaji ya koma kan na biyu. Mu da muka saba ganin dawakin zage a hawan Sallah mun san yadda abin yake a ido. A hawa ado ne, a tsere kuwa ha'inci.

Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi ya bi ta kanta, ta kawo ra'ayin Imamu Malik game da kyauta: in mutum ya sa kyauta kuma shi ma yana cikin tseren, to idan wani ya ci ya ɗauka, idan kuwa shi ne ya zo na ɗaya, kyautar ba ta komawa aljihunsa, sai ta wuce ga mai bi masa, ko kuma mahalarta su ci. Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya ajiye babin tsere daf da babin jihadi, ya shardanta a ayyana mafari, a ayyana maƙura, a kuma ayyana dabbar da za ta yi gudun. Sannan ya zo da wata 'yar gajeriyar magana da ya kamata a rubuta a ƙofar kowane filin sukuwa a ƙasar nan: kada a ɗora yaro. Masu sharhi sun ɗauki wannan a matsayin karhanci. Malaman nan ba su san ma'aunin gudu ko ɗakin gwajin jini ba, amma sun riga sun hango ƙofofi huɗu da ɓarna ke shigowa ta cikinsu: musanya doki, taimakon waje, mai kyauta ya zama mai hukunci a kan kyautarsa, da sa ran ƙaramin yaro a haɗari don sauƙin nauyinsa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, aikin dokin yaƙi ya ƙare. Sarakuna suka rage da barga cike da dawaki ba inda za a kai hari. Sai doki ya rabu gida uku. Kashi ɗaya ya tafi ado: hawan Sallah da hawan daba, irin wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a 1977. Kashi na biyu ya tafi folo, inda Katsina ta yi fice tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Na uku shi ne sukuwa irin ta Bature, a zagayayyen fili mai alƙali da tuta. Kusan duk garin da Razdan ko Di'o ya zauna sai da aka share masa filin sukuwa. Na Legas, wanda aka ba da filinsa tun 1859, shi ne ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna ya zama Dandalin Murtala. Na Kano yana nan a Nasarawa da sunansa.

A nan kwarin Rima, sulhun da ya rufe tsohuwar gaba ya zo ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka tarbe shi da gagarumin su. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi ya samo asali, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Jikokin mutanen da suka yi shekara da shekaru suna korar juna a kan dawaki suka koma haɗuwa a fili ɗaya, suna jafi a gaban sarakunan juna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata sabo ya sa mu raina shi ba.

Sai dai Baturen da ya kawo mana zagayayyen fili ya baro wani abu a gida, ko kuma ya kawo shi mu ne ba mu riƙe ba. Abin nan littafi ne.

Dokin tseren Ingila da ake kira Torobired ba launi ne ya mai da shi abin da yake ba, ba kuma tsayi ba. Rubutu ne. A 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya fara buga kundin asalin dawaki, kuma har yau iyalan gidansa ke riƙe da shi. Dokin da uwarsa da ubansa ke cikin kundin, ko cikin wani kundi da aka amince da shi, shi ne ɗan asali. Wanda ba ya ciki, ko da ya fi iska gudu, ba shi ba ne. Za mu iya kiransa ɗan littafi, ba mu yi ƙarya ba. Ta wajen uba, dukkansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da wajen 1730: Byerley Turk, da Darley Arabian da aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704, da Godolphin Arabian, wanda wasu masana ke ganin dokin Arewacin Afirka ne. In haka ne, to yana da dangantaka ta nesa da dawakin da fatake suka riƙa ratso Sahara da su zuwa kasuwanninmu. Ɗan uwa ne ya tafi Turai aka rubuta sunansa, na gida aka bar shi da kirari.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron Allah ne ya sa Ingilishi suka yi littafi. Caca ce ta yi yawa, ɓarayi suka cika fili, dole ta sa. Kuma littafin bai hana su sata nan take ba. A 1844, a gasar Derby ta Epsom wadda aka keɓe wa dawaki 'yan shekara 3, wani doki mai suna Running Rein ya zo na ɗaya. Ashe ba shi ba ne. Wani ne mai suna Maccabeus, ɗan shekara 4. Duk mai kiwon doki ya san bambancin ɗan shekara 3 da ɗan 4, kamar a haɗa saurayi da ƙaninsa kokawa ne. Lord George Bentinck ya bi diddigin maganar. Da aka je kotu alƙali ya ce a kawo dokin ya gani, sai aka wayi gari doki ya yi ɓatan dabo. Aka mayar da nasara ga Orlando da ya zo na biyu. Abin dariya, abin takaici, a wannan tsere ɗaya akwai wani dokin mai suna Leander da ya karye aka kashe shi, da aka duba haƙoransa shi ma aka ce ya haura shekara 3.

Shekara 140 bayan haka, a 1984, aka sake irinta a birnin Brisbane na Ostireliya. Aka sa wani doki mai gudu, Bold Personality, a madadin wani rago mai suna Fine Cotton, aka shafa masa farin fenti a ƙafa. Ya ci, amma kafin a biya kuɗi asiri ya tonu, jama'a na ihu. Irin wannan ne ya kai masu harkar ga gwajin jini, sannan gwajin ƙwayar halitta, sannan 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sawa a ƙarƙashin fatar wuya. A Birtaniya an wajabta ta ga 'ya'yan dawakin tsere tun 1999, a Amurka tun 2017. Ana kara ma'auni a wuyan doki, lamba mai alƙaluma 15 ta fito, a duba ta a rajista. Fenti ba ya canza ta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta magani. Ƙungiyar Jockey Club ta Ingila ta haramta bai wa doki abin ƙara kuzari a 1903, shekarar da Sakkwato ta faɗi, bayan wani mai horarwa, George Lambton, ya ba wasu ragwayen dawakinsa ƙwaya da gangan, da sanin hukuma, don ya nuna musu abin da ke faruwa a bayan idonsu. Wajen 1910 aka fara gwajin yawu a Turai. Tun daga nan ake wasan ɓuya tsakanin mai haɗa magani da mai gano shi, kuma ba a gama ba.

Amurka ce ta fi ba da darasi a kwanan nan, domin a can aka ga yadda maganar amana da maganar lafiya suke abu ɗaya. A 2019 dawaki fiye da 30 suka mutu a filin Santa Anita na Kalifoniya. A watan Maris na 2020 masu gabatar da ƙara na tarayya suka gurfanar da mutum 27, da masu horarwa da likitocin dabbobi da dillalan magani. Cikinsu akwai Jason Servis, wanda dokinsa Maximum Security ya ci Kofin Saudiyya 'yan kwanaki kafin nan, gasar da kyautarta ta kai dala miliyan 20. An ɗaure shi shekara 4, an kuma ƙwace nasarar daga baya. Jorge Navarro ya sami shekara 5. A 2021 Medina Spirit ya ci Kentucky Derby, gwaji ya nuna maganin kumburi a jikinsa wanda ba a yarda da shi ranar tsere ba, ya faɗi ya mutu a wajen atisaye a watan Disambar shekarar, aka soke nasararsa a farkon 2022. A da kowace jiha da dokarta, wanda aka kora a nan sai ya ɗauki dawakinsa ya tsallaka can. A ƙarshen 2020 aka sa hannu a dokar tarayya da ta kafa hukumar HISA. Sashen kiyaye lafiyar fili ya fara aiki a Yulin 2022, na yaƙi da ƙwaya a Mayun 2023.

Me ya haɗa allura da karaya? Dokin tsere yana da nauyin kilo 500 ko kusa, yana gudun kilomita 60 a awa, kuma a cikin sukuwa akwai lokacin da duk wannan nauyi ke sauka a kan ƙafa ɗaya wadda ƙwaurinta bai fi damtsen mutum kauri ba. Ƙashi yana yin 'yan ƙananan tsagu a horo, yana gyara kansa in an ba shi hutu. Binciken gawarwakin dawaki a Kalifoniya ya nuna mafi yawan karayar da ke kashe su ta faru ne a wurin da dama akwai tsohon rauni. Ciwo shi ne ɗan aiken da ke gaya wa doki ya rage gudu, ya gaya wa mai shi ya ga ɗingishi. In aka yi allura aka kashe ciwon, an kori ɗan aike, raunin yana nan. Doki ya shiga fili da ƙarfinsa, ƙafa ta tsinke a tsakiyar gudu, ya kifa, na kansa ya wuntsila, na baya su bi ta kansu. Kuma doki ba ya jinyar karaya kamar mutum: ba ya iya kwanciya makonni, in ya jingina nauyi a sauran ƙafafun su ma kofatonsu ya lalace. Shi ya sa sau da yawa ƙarshen abin yanka ne ko allurar mutuwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu da sana'armu ta koya mana zama da bayanai a kwamfuta, shi ne wani aiki mara hayaniya da aka fara a Amurka a 2008: rumbun da ake shigar da kowane rauni da kowace mutuwa a filayen tsere. A 2009 lissafi ya nuna dawaki 2 ke mutuwa a cikin kowace fita 1,000. A 2023 adadin ya sauko zuwa 1.32. Ana iya gardama a kan abin da ya jawo saukar, ko gyaran ƙasar fili ne, ko tsaurara magani, ko duban likita kafin tsere. Amma gardamar ma ta yiwu ne saboda an ƙirga. Wanda bai rubuta mutuwar bara ba, ba shi da bakin cewa bana an samu sauƙi.

To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sukuwarmu ta yau ba ta zamanin Shamaki ba ce. Ana sa motoci da babura da maƙudan kuɗi a kyauta. Dawaki suna zuwa a bayan mota daga Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso, kuma jihar Kebbi tana bakin hanya, ga Kamba ga Kangiwa, ga Dosso da Yamai a tsallake. Ana raba tsere rukuni-rukuni, na 'yan Arewa daban, na Talon daban, na Sudan daban, na 'yan littafi daban, domin kowa ya san in aka haɗa su wuri ɗaya an zalunci na gida. To amma wa ke tabbatar da rukunin? Dokin da ya kwana biyu a hanya ya iso daren jajibiri, ba wanda ya san uwarsa a garin, me zai hana a shigar da mai jinin waje cikin 'yan Arewa? Idon dattijo yana da kaifi, amma an yi shi ne don garin da kowa ya san kowa. Afirka ta Kudu da Kenya da Maroko da Tunisiya suna da kundin asalin dawaki da duniya ta amince da shi. Mu da muka fi yawancinsu hawa da ado, ba mu cikin jerin.

Sannan ƙasarmu tana da nata haɗurran da Epsom ba ta sani ba. A watan Maris da Afrilu zafi a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, doki mai sukuwa kuma jikinsa tanderu ne. Tseren da aka sa da azahar don babban baƙo yana sauri zai koma, dokin ne ke biyan kuɗinsa. Ƙasar rani ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ko kuma ta zama rairayi mai zurfi a wani gefen, kofato ya nutse a nan ya daki dutse a can. Fadamar da ke ba mu shinkafa da kifi ita ce kuma gidan ƙananan ƙwarin da ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, wadda ɗan gida kan jure mata amma takan kashe mafi yawan baƙin dawakin da ba a yi wa rigakafi ba. A ƙarshen 2018 murar dawaki ta ɓarke a jihar Sakkwato da maƙwabtan ƙasashe, ta kashe jakuna masu yawa. Taron da ke haɗa dabbobi daga ƙasashe huɗu ko biyar a turke ɗaya, su sha a kwatarniya ɗaya, ba tare da takardar rigakafi ba, kasuwar cuta ce aka buɗe.

Akwai kuma abin da muka gada daga yaƙi ba mu sake dubawa ba. Linzaminmu mai zobe an ƙera shi ne don zamiya, don barde ya tsayar da doki cak a gaban mashi ko a gaban sarki, kuma likkafa mai kaifin gefe aikin ƙaimi take yi. A hannun gwani ba laifi. A hannun yaro mai tsoro, a tsakiyar gudu, bakin doki ne ke jini. Yaron kuwa me ya kawo shi? Nauyi. Kowane kilo da aka rage a bayan doki tazara ce a maƙura, don haka ido yakan koma kan ɗan barga mafi ƙanƙanta, wanda ba ɗan mai doki ba ne, ba hular kwano, ba rigar kariya, ba wanda ya tambayi uwarsa. Ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha sun sha kunyar duniya a kan yaran da ake ɗorawa a tseren raƙuma, har Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 a 2005 aka koma amfani da mutum-mutumi. Mu ba sai mun jira wani ya zo daga waje ya ɗauki hoto ba, hanin yana cikin Muhtasar shekara 600 da suka wuce. Haka nan 'yan kallo da ke kwararowa cikin fili, da masu bin bayan dawaki a babur suna ihu suna hon: wannan ai shi ne ainihin korar da hadisi ya hana, an dai canza abin hawa.

Ta fuskar fasaha, rajistar dawakin tsere na jiha ɗaya ba aiki ba ne da zai gagari ɗaliban jami'a biyu a hutu guda. Lamba, hoto ta gefe huɗu, launi da sunansa na Hausa, shekaru, mai shi, rigakafi, tseren da ya yi, ranar da ya yi ɗingishi. Wayar da ake karanta wannan rubutu a kanta ta isa. Mutanen da suka yi layi suka karɓi NIN da BVN ba za a ce ba su gane manufar lamba ba. Wahalar tana wani wuri: wa ke riƙe da mabuɗi, wa ke da ikon gogewa? Duk wanda ya taɓa gina manhaja ya san rumbun da mai kuɗin aikin zai iya shiga ya gyara da dare ba rumbu ba ne, allo ne. A filayenmu sau da yawa mai shirya gasa, da mai ba da kyauta, da mai dawakin da suka fi yawa a fili, mutum ɗaya ne ko aminan juna, alƙalin maƙura kuma yaron gidan ɗayansu. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba. Tsarin ne ya sa wa mai gaskiya ma wuya ya faɗi gaskiya. Imamu Malik da ya ce kyauta ba ta komawa hannun wanda ya sa ta, wannan ƙulli yake kwancewa.

Likitoci muna da su. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar likitancin dabbobi, ta Ahmadu Bello a Zariya ma haka, ga cibiyar bincike ta Vom da ke aiki tun 1924. Gwajin ƙwaya na zamani yana da tsada, gaskiya ne, ba kowace gasa za ta iya ba. Amma duban safe ba ya cin komai: a fito da doki, a sa ɗan barga ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, zuwa da dawowa, likita ya tsaya ya kalli yadda kai ke sunkuyawa, ya shafa jijiyar ƙwauri ya ji ko da zafi. Minti biyar ne. Abin da ke da tsada shi ne minti na shida, lokacin da likitan zai juya ya ce wa wakilin wani babban mutum, wanda ya yi hayar mota tun daga Yamai ko Kano, dokinsa ba zai fita yau ba. Likitan da masu gasa suka ɗauko, suka sauke, suka ciyar, za su kuma sallame shi da yamma, ba zai iya wannan magana ba. Wanda takardar aikinsa ta fito daga ma'aikatar kula da dabbobi ta jiha, da sa hannun masarautun Gwandu da Argungu a ƙasanta, kuma aka shelanta tun kafin a ɗaure sirdi cewa hukuncinsa ya hau kan dokin fada kamar yadda ya hau kan na talaka, shi yana iya yi.